Mai Rumbu Bai Ci Iri Ba

Dattijo,

Sallama a gare ka, kai da maƙwabtanka na inda kake kwance. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai haske kabarinka, Ya sa kana cikin rahama.

Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, don da ajami na rubuta, kai kuwa tun da ka shiga boko ka ce rubutuna kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana yawo. To ni ban taɓa taka ƙofar aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Dattijo nake kiranka, kamar yadda na saba. Ka san bakina bai taɓa furta sunanka na yanka ba. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan Baba aka sa maka, nauyi biyu ke nan a kan harshe ɗaya.

Kada ka zaci haƙuri na zo ba ka. Tsufa bai sanyaya ni ba. Labari na kawo maka, don abin da aka yi maka bayan ka tafi gara ka ji shi daga bakin ubanka, kafin wani ya iske ka can ya gaya maka shi a karkace.

Gida lafiya. Uwarka na nan, sai ciwon gwiwa. Matarka Rabi ta gama takaba, danginta sun zo daga Sukuntuni za su tafi da ita, ta ce ba ta tashi sai an yi girbi. Ɗiyarka Ummi ta fara famfara, bakinta duk giɓi, amma surutu sai abin da ya ƙaru. Ƙanenka Lawal ya sayi babur, yanzu ko bayan gida ba ya zuwa da ƙafa. Jakin nan mai yankakken kunne ya mutu da bazara. Tanko kuwa, wanda ya ci mamu iyakar gona tun kana rarrafe, yana nan da ranshi, bai mutu ba, bai kuma maido ba.

Bari in fara da laifinka, don ban manta ba. Shekarar da ka zo mani da maganar wai an ba ka aiki cikin wasan talabijin a Kano, me na ce maka? Na ce gona ba ta kore ka ba. Ka tsaya bakin zaure kana murza hula, ka ce in ara maka damin irin nan da ke rataye a madafar uwarka, wai za ka nuna shi cikin wasa ka maido. Na ce ba yau ba. Na tafi sallar azahar, na dawo na iske igiya tana lilo, babu dami, kai ma babu kai. Ka san abin da ka ɗauka kuwa? Zangarniyoyin da na bi gona ɗaya bayan ɗaya na zaɓa ne, masu tsawon hannu, masu cikakken ido, irin da Baba ya bar mani, shi ma ya gada wurin nashi uban. Shekarar nan sai da na ɗebi geron ci daga rumbu na shuka, kamar wanda aka haifa jiya. Da shekara ta kewayo Lawal ya kawo mamu wani ɗan gajeren iri na leda daga shagon Kankiya, mai saurin nuna, kowa ya ce madalla. Irin Baba ya ɓace daga gidanmu. Aikinka ne wannan, kuma ko gaban alƙali zan maimaita.

Na yafe maka, in shi kake son ji. Tun ranar da aka bugo waya aka ce zazzaɓi ya kayar da kai, har an rufe ka a Kano kafin mu ɗaura takalmi, na ɗaga hannu na ce na yafe duniya da lahira, don ba na so a tsare mani ɗa a can saboda damin gero. Amma yafewa daban, cewa ka yi daidai daban. Ba ka yi daidai ba.

Sai kuma ka ƙara da abin da ya fi. Aka fara nuna wasan naku, Ayarin Taurari. Yadda na fahimce shi, wai nan gaba can, bayan jikokin jikoki, ruwan sama ya ɗauke, duniya ta bushe, sai sauran mutane suka shiga wani jirgi da ya fi Kankiya girma ko da an haɗa mata Kusada, suka nufi wata tauraruwa neman ƙasar noma. Shugabar jirgin mace ce mai kafaɗar ƙarfe. Akwai wani mutum-mutumi mai magana ta hanci. Ba a tuƙa tuwo, ƙwaya ake haɗiya kamar a asibiti. Ko alƙibla ban san ina suke duba ba. A can ƙuryar jirgin kuma ga wani ɗan ɗaki da suke kira rumbu, a ƙofarshi wani tsoho na zaune da sanda, dami rataye bisa kanshi. Mai Rumbu. Kai ke nan. Aka barbaɗa maka farin gari a gemu, kai da muke kira Dattijo tun kana goye, furfurar da Allah bai nufa ka yi ta gaskiya ba.

Ba ka cikin manyan wasan. Sai a daɗe ba a nuno ka ba, in an nuno ka ma, kafin mutum ya kurɓi ruwa ya ajiye moɗa ka wuce. Masu karatu sun ce sunanka can ƙarshe yake fitowa, lokacin da 'yan kallo sun tashi suna kakkaɓe riga. Aikinka guda ne. Wani ya zo da yunwa ko da dabara ya ce a buɗe rumbu, sai ka ture hula ƙeya, ka ja tsaki, ka ce ba yau ba, ka tashi kana jan ƙafar hagu.

Ƙafar wa ke nan? Hular wa? Tsakin wa? Ko makaho a nan Mawashi ya gane ni. Na shiga kasuwar Kankiya sayen gishiri, mai gishiri ya ture hula ya ce mani ba yau ba, rumfa ta kwashe da dariya. 'Yan acaɓa in sun gan ni sai su rage gudu su tambaye ni yaushe jirgi zai sauka. Har mata masu fura da nono sun san ni. Shekaruna duka ban taɓa zama abin dariya ba sai da na haifi mai basira. Na rantse ba zan kalli wasan ba, ba kuma zan karɓi wayarka ba. Kana bugowa ta wayar Lawal, ya miƙo mani, in gaya mashi abin da ka san zan ce.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na kalla. Baƙar rediyon nan tawa da kullum ake cewa ta lalace, lafiyarta ƙalau. Nakan ɗaure ta bayan keke in tafi Kafin Soli wurin Bahago mai gyara. Shi kam ya gane ni tun ranar farko, da ganin tafiyata, amma mutumin kirki ne. Sai ya kwance rediyo ya baje kayan cikinta, ya kunna 'yar talabijin ɗinshi, ya juya mani baya har a gama. Rantsuwata na yi mata azumin kaffara, wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba ruwanka.

Sauran wasan ban ga abin so ba, ƙarya ce tsagwaronta. Amma kai ka iya. Ban faɗa maka ba kana raye, ga shi na faɗa. Ranar da mai kafaɗar ƙarfe ta zo da bindigar wuta ta ce ka ba da mabuɗi mutane na suma don yunwa, ka dube ta ka tambaye ta, in an cinye wannan yau me za a zuba a ƙasa ranar da aka sauka, wallahi na manta wasa nake kallo. Don a nan ba ni ka kwaikwaya ba. Baba ne, mai sunanka.

Sau ɗaya na ba ka labarin, ashe ka riƙe. Shekarar yunwa, ina yaro, mun ci tafasa har ta gundure mu, mun tone gidan tururuwa muna tsintar hatsin da ta ɓoye. Duk wannan hali damin iri na rataye bisa kanmu a madafa, muna kwana muna kallonshi. Innarmu ta roƙi Baba ya tsinko ko zangarniya ɗaya a yi wa ƙanwata Talatu kunu. Ya ce ba yau ba. Na hau turmi zan ciro, na faɗo, ƙafar hagu ta tafi, shi ne har yau nake ja. Talatu ba ta ga damina ba. Baba ya rufe ta da hannunshi, ya dawo ya zauna ƙarƙashin damin nan bai taɓa shi ba. Ka ce mugunta ce? Da ruwa ya sauka, rabin unguwarmu daga damin nan suka samu abin shuka, tafi ɗaya ɗaya, don su sun cinye nasu. Uban Tanko yana cikin waɗanda suka durƙusa a zaurenmu da ƙoƙo a hannu. Da Baba ya ji tausayin Talatu ranar nan, da ba a haifi Tanko ba, da ba a haife ka ba. Ban ce abin ba ya ci mani rai ba. Na ce dai a gidanmu ana mutuwa, amma ba a cin iri.

Yanzu ka ji abin da suka yi maka. Da ka rasu ba su da wanda zai zauna ƙofar rumbu. Maimakon su ce tsoho ya mutu, kamar yadda tsofaffi ke mutuwa ko'ina, sai suka shirya wai jirgi ya kusa sauka, shugaba ta fasa ƙofar rumbu, ta iske wayam, sai ƙaiƙayi a ƙasa. Aka nuna bayan wani ƙato sanye da rigarka yana gudu cikin duhu. Sannan aka nuno fuskarka, taka ta gaskiya, kana tauna, kana lumshe ido. Wai duk shekarun nan da Mai Rumbu ke cewa ba yau ba, shi kaɗai yake shiga yana cinye irin jama'a a ɓoye.

Ina zaune a benci wurin Bahago na gani. Ya miƙa hannu zai kashe, na ce ya bari. Na kalla har ƙarshe. Na hau keke na manta da rediyo.

Su mutanen birni a wurinsu wasa ne. Wataƙila gani suke kamar sun ce ka saci agogo. Ba su san a ƙauye ɓarawon akuya ya fi maci iri daraja ba, don ɓarawon akuya yau ya cuta, maci iri kuwa baɗi ya kashe. Kafin kasuwa ta sake ci suna ya canja. Da ana ce maka Mai Rumbu, yanzu sai Maci Iri. Tanko ya zauna gindin dalbejiyar masallaci yana cewa ai wasan nan tun farko gaskiyar gidanmu yake faɗa, tun da tafiya tawa ce, hula tawa ce, to taunar ma tamu ce. Har da cewa wa ya sani ko a shekarar yunwa ma haka aka yi. Tanko! Ɗan ƙoƙo! Ummi ta dawo daga islamiyya tana kuka, wai yara sun hana ta zama kusa da ƙunshin gyaɗarsu, sun ce kada ɗiyar Maci Iri ta cinye. Rabi ta daina leƙa ko ƙofar gida. Kai kana kwance ba ka da bakin da za ka kare kanka. To ni ina da shi.

Na karɓi kwatance wurin Rabi na shiga mota zuwa Kano. Lawal ya ce zai raka ni, na ce ya zauna ya goge babur ɗinshi. Dattijo, ashe jirgin da ya fi Kankiya girma wani tsohon sito ne bayan 'yan katako? Bangonshi kwali ne da fenti. Taurarin ma babu su, wani koren ƙyalle ne aka rataye. Saboda wannan ka bar gona?

Aka kai ni wurin mai shirya wasan, wani saurayi mai tabarau. Ba zan yi mashi ƙarya ba, ya yi ladabi. Ya sa aka kawo ruwa, ya yi mani gaisuwar rashi, ya ce kai mutum ne mai wuyar samu. Na ce in haka ne me ya sa ya mai da kai maci amana. Ya ce ai labari ne, Baba, ba ɗanka ba ne, Mai Rumbu ne. Na ce fuskar wa ke tauna? Ya ce in ɗan wasa ya rasu dole a nema wa labari hanyar fita, kuma mutuwar tsoho ba ta riƙe 'yan kallo kamar cin amana. Na ce ya sake shiryawa ya faɗi gaskiya. Ya ce an riga an nuna, duniya ta gani, ba a maido shi. Na buga sanda a ƙasa na faɗi abin da na faɗa, ba sai na rubuta a takardar da ta fara da sallama ba. Ban karya shi ba, shi ma bai karya ni ba. Da ya ga ba ni da niyyar tashi, sai ya sa aka ɗauko rigarka ta wasa, mai ƙyalli kamar cikin gwangwanin madara, ya ce in riƙe don tunawa. Na karɓa, don bai cancanci ya riƙe ta ba. Na tambayi damina. Ya ce bai san inda yake ba, su ƙaiƙayi kawai suka buƙata.

Ina fita sai wata siririyar yarinya cikin hijabi ta biyo ni ta durƙusa. Da ƙyar na gane ta, ashe shugabar jirgi ce, babu kafaɗar ƙarfe. Ta ce hoton nan na tauna ba cikin wasa aka ɗauke shi ba, kuna hutu ne kana cin ƙuli-ƙuli, wani ya ɗauka don raha. Ta ce ta yi magana ba a saurare ta ba. Sannan ta ce in dami nake nema in biyo ta. Muka tsallaka titi, muka shiga rumfar wata dattijuwa mai tuwo, inda kuke cin abinci. Ta nuna mani sama.

Ga shi nan bisa murhu, rataye jikin azara, baƙi ƙirin da hayaƙi.

Mai tuwo ta ce duk ranar da kuka gama ɗauka, ba ka tafiya gida sai ka kwanto damin nan daga jirgi ka kawo ka rataye mata shi a nan. Wai ka ce zafin fitilun wasa yana kashe iri, in kuma an bar shi a sito ƙwari su cinye, hayaƙi ne kawai maganinshi. Ta ce abokan aikinka har tsokanarka suke, suna cewa tsoho ya tafi kwantar da jaririnshi. Ta ce ta taɓa roƙonka zangarniya ɗaya ta ba kajinta, ka ce mata ba naka ba ne, aro ne, na ubanka ne, in jirgi ya sauka za ka mayar. Tun da ka rasu ba ta bari an taɓa shi ba, ba ta dai san wanda za ta ba ba.

Na sa aka sauko da shi. Na duba ɗaurin, irin nawa ne, mai kunne biyu, amma kabar ba tawa ba ce, sabuwa ce. Wato tawa ta tsinke ka sake ɗaurewa yadda na koya maka. Na juya zangarniyoyin duka, babu inda aka tsinka, babu inda ƙwaro ya huda. Na zauna a bencin matar nan na daɗe. Ta ce hayaƙin rumfarta yana damun baƙi. Na ce haka ne.

Me ya sa ba ka gaya mani ba? Ko shi ne kake bugo waya ka gaya mani?

A mota yaron direba ya ce a sa dami a but. Na ce sai dai shi yaron a sa shi. A cinyata dami ya zauna har Kankiya. Na sauka ranar kasuwa ce, na saɓa shi a kafaɗa, na ratsa ta 'yan gishiri, na ratsa ta 'yan nama, ban gajarce hanya ba. Da na iso gida labari ya riga ni. Tanko ya ce ai baƙin dami kowace madafa akwai shi, wa ya san inda na samo. Ya ce ko ma shi ne, ya riga ya mutu, iri ba ya shekara da shekaru a birni ya tashi. Mutane suka gyaɗa kai. Na gane baki ba zai raba mu ba. Sai ƙasa.

Ka san gonar bakin hanya, wadda duk mai zuwa Kusada ko Kankiya daga wajenmu sai ya bi ta gefenta. Shanun Ardo sun kwana a cikinta duk rani, ta sha taki, Lawal ya riga ya ƙudura masara zai zuba. Na ce gero za a shuka, wanga gero. Ya ce Baba, a gwada shi a bayan gida mana, in bai fito ba babu wanda ya sani. Na ce a bayan gida aka zage ka? A gaban duniya aka yi, a bakin hanya za a rama. Ya ce in ya ƙi fitowa fa, dariyar ta zama biyu, ga asarar shekara. Na ce gonata ce, shekarata ce, dariyar ma a kaina za ta sauka, na saba.

Rabi ta ce kada a sa shi a turmi. Da tafin hannunta ta murje shi duka, har hannun ya yi baƙi ya sale. Ban yi bizne a busasshiyar ƙasa ba, na jira ruwa na gaske ya jiƙa ta. Da ya sauka na ɗauki sungumi ina sara, uwarka na bina tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ni ina jan hagu, ita tana jan dama. Masu wucewa suka tsaya kallo, wani ya ce jirgi ya sauka. Na ce e, ya sauka.

Sai jira. Na kowa ya tsiro, gonaki suka yi kore, tawa tana nan ja wur. Nan ne kawai na ji tsoro, kuma kai kaɗai nake gaya wa. Ba dariyar Tanko na ji wa tsoro ba. Tsoro na ji kada ya zama duk wahalar da ka sha, kana tsallaka titi da dami kowace rana, ta tafi a banza. Kullum in na fito masallaci da asuba sai in zarce gona in tsuguna in tona rami ɗaya da yatsa, in mayar. Ran nan na je ban ma tsuguna ba, na gan su, sirara kamar allura, raɓa a bakinsu.

Ba duka ya fito ba. Fiye da rabi ya mutu, ba zan ɓoye maka ba. Tanko ya zo ya tsaya kan iyakar da ya ci, ya ce gona kamar bakin tsohuwa. Lawal ya ce a cike giɓin da irin leda. Na ce duk wanda ya jefa ƙwara ɗaya ta leda a gonar nan ya nemi wani uban. Na jira ya yi ƙwari, duk ranar da aka yi ruwa in bi inda ya fito da yawa in cire in dasa inda babu. Bayana har yau bai miƙe ba. Lawal ya gaji da kallona, ya jingine babur ya shigo ya kama dashen.

Yau da nake rubuta maka, a gindin gawon gonar nake zaune. 'Yan gajeren iri duk sun girbe nasu sun kai gida. Namu ne kaɗai a tsaye, mutum bisa jaki ya shiga ba a ganin hularshi, zangarniya kamar hannun ƙato. Sai dai tsuntsayen ƙasar nan kaf sun dawo kanmu. Na ɗaura gwangwanaye, ba su ji ba. Sai na tuna da rigarka. Na gicciya itace biyu tsakiyar gona, na sa mata rigar nan mai ƙyalli, na ɗora tsohuwar hulata na ture ta ƙeya. In rana ta daka ta, walƙiyarta har kan hanya, tsuntsu ba ya kusanta. Liman ya zo ya ce ba ya jin daɗin a kafa rigar mamaci a gona. Na ce Allah gafarta Malam, ba rigar mamaci ba ce, rigar Mai Rumbu ce, kuma aikinshi yake yi. Samari na tsayawa da babura suna ɗaukar hoto da waya. Su ɗauka. Su aika wa mai tabarau.

Ban ce na gyara komai ba. Har yanzu ana maimaita wasan, kuma duk lokacin da aka maimaita sai ka sake tauna. Talabijin ta fi ni baki, ta kai inda kekena ba ya kaiwa. Mutumin Legas zai mutu yana zaton ka ci. Amma mutumin Mawashi yana da ido, kuma ya san abin da aka cinye ba ya tsirowa. Ummi yanzu ita ke jan ƙawayenta ta kawo su bakin gona ta nuna masu.

Jiya bayan la'asar mutane sun taru nan bakin hanya, har da Tanko. Ya daɗe yana shafa wata zangarniya da ta leƙo ta iyakarshi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ko za a karyo ɗaya a gasa tumu a ɗanɗana. Ka san amsar da na ba shi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na ce ko ni ba zan ɗanɗana ba bana, duka iri ne. In an girbe, duk mai so ya zo zaure da ƙoƙo, har shi, tun da hanyar ba baƙuwar gidansu ba ce. Sharaɗina ɗaya, duk wanda ya shuka ya kira shi da sunanshi. Wani baƙo da ya tsaya da amalanke ya tambaya, to mene ne sunan irin, Baba?

Na buɗe baki na faɗa, da ƙarfi, yadda na bayan ma za su ji. Na ce geron Isuhu.

Duk wanda ke wurin ya san ban taɓa ba. Uwarka da ta kawo mani ruwa ta rufe baki da gefen zane. Ni ma na ji sunan ya yi mani nauyi kamar na ɗaga dutsen niƙa, amma ya fita, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Isuhu. Ga shi na sake, da alƙalami. Baban da ya hana, da ɗan da ya adana, ku raba tsakaninku.

Ka gaida Baba. Ka gaida Talatu, ka gaya mata zangarniyar da aka hana ta ta cika gona. Aron da ka ɗauka ya dawo, ba ka da bashina. Har yanzu dai ina nan kan bakana, kamata ya yi ka tambaye ni sau biyu. Ni ma ina tafe, amma in Allah Ya bar mani zaɓi, sai na bi gonar nan na zaɓi masu cikakken ido, na ɗaure da sabuwar kaba, na rataye a madafar uwarka. Ina zuwa, Isuhu. Ba yau ba.

Ka huta lafiya.

Ubanka da bai canja ba,
Audu mai jan ƙafa, daga gindin gawo, Mawashi